Kunnena na Hagu

Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inno, da yara. Ya zaman Ruma, ya fargaba?

An yi mini aikin a nan Legas, yau kwana tara. Ashe ba ciwon haƙori ba ne, a banza wanzami ya cire mini uku. Likita ya ce jijiyar jini ce ta danne jijiyar fuska, shi ya sa ko ruwan alwala ya taɓa kuncina sai in ji kamar wuta. Ta bayan kunne suka buɗe suka raba su. Yanzu ina cin tuwo, ina wanke fuska, alhamdu lillahi. Iyakar abin da za ki gaya wa Inno ke nan.

Sauran naki ne. Tun da na farfaɗo kunnen hagu ya toshe. Likita ya ce ƙila ya buɗe, amma bai dube ni ba da yake faɗa. Kin san a gona ni ke fara jin baburan ɓarayin daji in ce a gudu. Jiya babur ya tsaya daf da ni, ban ji ba.

In na dawo muka fita shuka, ki riƙa tsayawa ta haguna.

Allah ya tsare mu.

Mijinki,
Daudu