Ni Na Kai Gwaggona Bepanda Saboda Katifa da Kwanon Rufi

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na yi na bari, in kun ga rubutun a karkace ku yi haƙuri. Kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min, na riga ku yi wa kaina.

Shekarata arba'in da tara, a unguwar New Bell aka haife ni, nan Duwala ta Kamaru. Soya nake gasawa a bakin titi, abin da wasunku ke ce wa tsire. Mata ɗaya, yara biyar, sai Gwaggona, yayar babana, da ke zaune tare da mu. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, idon ma haka, Faransanci kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji. Amma sama da shekara talatin ita ke yi wa mata wankan gawa a kartiyenmu, wato unguwarmu. In mace ta rasu, kafin a nemi likkafani ita ake nema, kuma ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Daminar bara ruwa ya shigo mana har ƙugu. Katifa, garin tuwo, gawayi, teburin soyata, duk ya tafi. Kwana tara ban hura wuta ba. Alhazan masallacinmu sun zo? Sun zo mana. Suka tsaya a kan tudu da takalmansu masu ƙyalli, suka ce Allah ya mayar da alheri, suka koma mota. Wadda ta kwashe min yara ta kai gidanta maƙwabciyarmu ce, Kirista, ta ciyar da su kwana huɗu ba ta ce su faɗi komai ba. Na kawo wannan don kar wani ya ce da Kiristoci nake faɗa. Ba da su nake ba.

Ana cikin haka sai ga abokina, bari in kira shi Sale, ba sunansa ba ne. Tare muka yi makarantar allo, shi ya ci gaba da boko, yana aikin ofis, a sahun gaba yake salla. Ya ce wata ƙungiya tana rabon abinci a unguwar Bepanda. Na bi shi ranar Asabar. Wani ƙaton zaure ne, ana kiɗa ana waƙa, ga gicciye a bango. Na ce, "Sale, wannan ai coci ne." Ya ce, "Gran," wato babban yaya, "kai ma dai! Shinkafa ka zo karɓa ko bango ka zo kallo? Zauna, dangwala yatsa, ɗauki buhunka, se tu, shi ke nan." Na dangwala. Na dawo da buhu da galan ɗin mai a bayan bensikin, wato ɗan acaɓa, yara suna ta tsalle. Ranar na yi wa Sale addu'a har bakina ya bushe.

Bayan sati biyu ya dawo. Wai yanzu akwai katifa da kwanon rufi, amma sai wanda ya kawo tsoho ko tsohuwa, kuma akwai ɗan abin da za a yi. Na ce wane abu? Ya ce, "Ruwa kawai za su zuba mata a ka, su ɗau hoto. Ƙasar waje za a tura wa masu aiko da kayan. Wallahi tallahi ba mai ganinsa a Kamaru." To nan laifina yake, ba zan yi kwana-kwana ba. Na san ko ruwan mene ne. Ni yaro ne? Amma Gwaggo a kan kwali take kwana, siminti a jiƙe, tana tari, rufin yana yoyo. Sai na ce mata asibitin kyauta za mu, a duba mata ido.

Da muka isa, suka dangwala yatsanta a takarda, suka yafa mata farin zane. Pasto yana magana da Faransanci, Sale ya sunkuya daidai kunnenta ya ce, "Gwaggo, ɗaga hannu." Ta ɗaga. Da ruwan ya taɓa kanta sai ta ce, "Bismillahi, Allah ya sa a dace." Ta juyo tana murmushi ta ce min, "Ɗan nan, likitan nan yana da kirki." Ni ina gefe riƙe da takalmanta. Da suka ce ni ma in matso, na ce mura nake yi. Kun ji ko? Na kare kaina, na miƙa tsohuwa.

Wata uku shiru. Sai bayan babbar salla wani ɗan bensikin ya ga hoton a mahaɗar Ndokoti, an buga shi ƙato a kan ƙyalle, an rataye inda kowace mota ke wucewa, ana tallan taronsu. Ga Gwaggo cikin farin zane, hannu a sama, ruwa na zuba. Aka karanta min rubutun ƙasan, wai tsohuwar Musulma ta ga haske. Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a kartiye. Ni ban fito a ciki ba. Da aka fara tambayata na ce ban san yadda aka yi ba, wataƙila matan layi ta bi zuwa wurin rabo. Ƙarya ta uku ke nan.

Na tare Sale a ƙofar masallaci na ce, "Ba da Allah ka rantse min ba?" Ya ce, "Gran, rage murya. Ni nake buga hoto? Kuma ni na ɗauko ta daga gida? Kai ka kawo ta." Daga baya na ji ashe duk mutumin da ya kai ana sallamarsa da kuɗi. Ran Juma'a da kunnena na ji shi cikin dattawa yana girgiza kai yana cewa, "Yunwa ba daɗi, amma a ce babba kamar wannan?" Mutumin da ya ci tuwon tsohuwar nan tun ba shi da wando! Na je Bepanda na roƙi a sauke hoton. Suka nuna min takarda da yatsanta a jiki, suka ce ai yanzu 'yar'uwarsu ce. Pasto har yana tambayata ko katifar tana da laushi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na Larabar da ta wuce. Wata mata ta rasu a layinmu, ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata. A wurinmu mai wankan gawa ba ta kai kanta, sai an aiko. Gwaggo ta yi alwala, ta ɗauko robarta da sabulu da garin magarya da kafur, ta zauna a bakin ƙofa tana jira. Tun hantsi har azahar. Aka ɗauko wata daga unguwar Nkololoun ta yi wankan, aka wuce da makara ta gabanta. Ta tashi tsaye har suka sha kwana, sannan ta ce min, "Ɗan nan, wa ya wanke ta? Ko hannuna ne ya fara rawa ake jin nauyin faɗa min?" Har yau ba wanda ya nuna mata hoton. Matata kuma ta dawo daga gidan makoki tana kuka, wai mata sun ce ranar da Gwaggo ta mutu ba mai taɓa gawarta.

In na faɗi gaskiya, na san abin da zai biyo baya. Masu ba ni nama 'yan masallacinmu ne, rabin masu sayen soyata ma haka. Matata ba ta san komai ba. 'Ya'yana wa zai ƙara kallonsu da mutunci? Kuma da wane ido zan dubi matar da ta goya ni bayan rasuwar uwata, in ce mata ba likita ba ne? In kuma na yi shiru, tsohuwar da ko azumin nafila ba ya wuce ta za ta shiga kabari da sunan da ba nata ba, wataƙila ma ba wanka ba salla.

Yau da safe Liman ya aiko, ya ce ba zai yanke hukunci da hoto ba, in kawo ta jibi bayan azahar ya ji daga bakinta, gaban dattawa. Sale ma zai kasance a wurin. Na faɗa wa Gwaggo Liman yana son ganinta, sai ta yi murna, ta sa aka wanke mata mayafi. Ta ce, "Madalla, dama ina son in tambaye shi laifin da na yi. Ka zauna kusa da ni, duk abin da ya ce ka maimaita min da ƙarfi. Kar ka rage min komai."

Jama'a, jibi ne fa. Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?