Ƙwaryarki Ba Za Ta Shiga Gilashi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Wudil muna lafiya, damina ta kankama, kogi ya kawo. Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa ɗanki, Yaya Kabiru, bayan shekara shida da rasuwarki, ya gano yana da uwa.

Kin tuna matar nan da ta zo da na'urar ɗaukar murya tana neman masu amada? To waƙar da kuka yi mata ta yi tafiya. An sa ta cikin wani tarin waƙoƙin mata na ƙasashe daban-daban, waɗanda babu kiɗan lantarki a ciki, daga murya sai abin da hannu ya taɓa. Akwai wata 'yar Mali mai jan murya kamar tana kiran wani a tsallaken kogi. Akwai wata daga ƙasashen sanyi da ba ta da komai sai tafi. Ke ce ta bakwai. Ban san abin da suke cewa ba, su ma ba su san naki ba, amma wallahi kin zauna daram a tsakiyarsu.

Wani baƙon ofishinsu Yaya a Kano ne ya kunna a mota, ya tambaye shi ko ya san wata Asabe ta Wudil. Tun daga ranar ba mu huta ba. Kullum sai ya ɗora waƙar a waya, ya rubuta a ƙasa wai mahaifiyarsa ce, tauraruwar al'adun gargajiya. Tauraruwa, Inna! Mutumin da ko sunanki ba ya son a haɗa da nasa a gaban abokan aiki.

Ni dai ban manta ba. Watan da ya sami aikin gwamnati, Baba bai daɗe da rasuwa ba, ya tsaya a tsakar gida da sabon takalminsa ya ce, “Gidan nan ba gidan maroƙa ba ne.” Kika dube shi, kika ci gaba da tankaɗe.

Daga nan kika koma zuba ƙoren kiɗanki a buhu kamar mai kai kaya kasuwa, ki tafi Utai gidan Iya Talatu, 'yar amshinki. A can aka ɗauki waƙar nan da yake tunƙaho da ita, saboda a gidanki an hana.

Ranar bikinsa ya aiko a gaya miki kada ki zo da ƙwarya, ya ɗauko masu manyan lasifika daga Kano. Ƙananan ƙoren kuwa, da kika kwanta ciwo, ya sa aka riƙa zuba wa kaji ruwa a ciki har suka farfashe. Babbar ce kawai ta tsira, wadda kike kifawa a bahon ruwa, don na tura ta ƙarƙashin gadona.

Ba zan wanke kaina tas ba. Ni ma da malama ta tambaye mu sana'ar iyaye a makaranta, ƙuli-ƙuli na ce kina yi. Labari ya dawo miki, amma da safe sai ma kika ƙara mini ƙosai. Wannan yana cina har yau. Amma ni ban fito yanzu ina yi wa duniya kukan ƙarya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce sai ga shi da mota, da igiyar awo a aljihu. Wai ya ba kafinta aikin akwatin gilashi, zai sa ƙwaryar a falonsa don baƙi su riƙa gani. Za a goge ta, a shafa mata man sheƙi irin na kujeru. Da ya ga ɗinkin da gyartai ya yi mata a gefe sai ya yatsine fuska, wai a warware shi a liƙe da gam, ya ɓata mata kyau.

Na danne dariya da ƙyar. Ɗinkin nan fa shi ne yake ba ta wannan 'yar zizar da kike so, wadda ake ji a ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe. Kin san abin da ya ce da na nuna masa? Wai shi ya ɗauka lasifikar wayarsa ce ta lalace. Na tambaye shi muryar wa ke amsa miki, ya yi ta sosa ƙeya. Iya Talatu ce fa, wadda ta goya shi har bayanta ya yi kanta. Ya ji waƙar ya fi sau ɗari, bai taɓa saurarenta ba.

Kullum kina cewa, “A riƙa nuna mata ruwa, in ta bushe da yawa ba ta magana.” Shi kuwa so yake ya rufe ta inda ko raɓa ba za ta taɓa ta ba. Da can ya hana ta sauti don kunya, yanzu zai hana ta don alfahari. Na ce masa ya dawo ranar Lahadi.

Asabar da hantsi na naɗe ƙwaryar a zaninki mai ruwan goro, na hau mota zuwa Utai.

Iya Talatu ta tsufa, Inna, idon ma sai a hankali. Na ɗora mata ƙwaryar a cinya. Ta shafa har yatsanta ya kai kan ɗinkin, sai ta kira sunanki. Ta sa aka cika baho da ruwa, ta kifa ta, ta jira ta jiƙa, sannan ta sauke makaɗi. Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, wata da muciya a hannu.

Ta kaɗa ta kai inda kike shigowa, ba wanda ya shigo. Ta sake zagayowa, shiru. Sai ta juyo da fuskarta wajena ta ce, “Ni amshi na iya, 'yar nan. Shekara shida ina jiran wanda zai ba ni.”

Inna, ban san na haddace ba. Bakina ne kawai ya buɗe, waƙarki ta fito tun daga kai har gindi, ni da na ce ƙuli-ƙuli kike yi. Muryata ba ta kai rabin taki ba, ina yi ina kuka. Iya Talatu ta amsa mini kamar yadda take amsa miki, ba ta rage komai ba.

Na baro ƙwaryar a can. Yaya ya zo ranar Lahadi da akwatinsa a bayan mota, ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya koma da shi wayam. In yana son ganinta, hanyar Utai ba ta ɓace ba, sai dai zai tarar da ita a jiƙe, mata suna dukanta.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ki yafe mini abin da na faɗa a makaranta. Shi ma Allah ya buɗe masa kunne. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza, 'yar mai amada.