Motar Auta Ba Ta Hayaƙi

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ta saki kuwa? Ya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, sai surutun sabuwar doka da ya cika garejina.

Wai daga farkon wata, duk motar kayan da ke fitar da hayaƙi fiye da ƙima ba za ta ƙara hawa titi ba. Sun ba da zaɓi: ka miƙa tsohuwar kafin ranar, a sa sunanka a layin masu karɓar ta lantarki, ko ka riƙe abarka ka kai ta gwaji. Autanmu har ya cike takardar miƙa motar burodinsa. Na karɓe na yaga a gabansa. Haba Yaya! Yayansa bakanike, shekara talatin hannuna cikin baƙin mai, a ce hayaƙi ya raba shi da abin da yake ci da iyalinsa? Ta lantarkin ma wa ya san ranar zuwanta? Na ce ya bar min ita kwana goma. Kin san shi da ni, ko musu bai yi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji an canja miki magani, Allah ya sa a dace.

Na sauke injin nan gaba ɗaya. Na canja ringi, na wanke nozul, na sa sabuwar matatar iska. Da na tayar da ita na kara farin ƙyalle a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, Auta yana taka totur, ƙyallen ya fito fes kamar daga wanki. Direbobin layinmu har tafi suka yi. Ranar rufe miƙa motoci ta wuce shekaranjiya, muna zaune muna yi wa waɗanda suka miƙa dariya. Jibi ne gwaji, ki sa mu a addu'a, ko da yake aikin ya riga ya gama magana.

Naki,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Ki yi haƙuri da shiruna, na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Motar ta faɗi gwajin. Ma'aikaciyar wurin gwajin ta zura na'ura a salansa, ta duba shekarar motar da girman injinta, ta buga jan hatimi. Na yi ta faɗa har da nuna mata ƙyallena, abin kunya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce baƙin hayaƙin da na kora daban, abin da dokar ke aunawa daban. Iskar kabon ce, ba ta da launi ba ta da wari, kuma duk man da inji ya ƙona sai ta fita, ita ce ke ƙara wa duniya zafi. Injin mai girman wannan, komai gyaransa, shan mansa ya wuce ƙima. Har yaba aikina ta yi, wai ba ta taɓa jin tsohon inji mai daɗin sauti haka ba. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Ashe an rubuta hakan a bayan takardar da na yaga. Ban karanta ba, Yaya. Na ga kalmar hayaƙi na ce ai gidana aka zo.

Mun je ofishin miƙa motoci sau uku, sun ce an rufe, babu ranar sake buɗewa. Gidan burodin da Auta ke wa rabo sun ba wani hanyarsa. Yanzu Auta dako yake yi, yana loda wa wasu burodin da a da shi ke rabawa, ga matarsa da tsohon ciki.

Abin da ke cina shi ne bai ce min komai ba. Kullum sai ya biyo ya gaishe ni, har da tambayar ya aiki. Na roƙe shi ya zage ni ko sau ɗaya, ya ce ai alheri na nufa. Jiya ya kawo min makullin motar. Masu sayen ƙarfe za su zo ranar Asabar, ya ce ni yake so in kwance ta, don ba wanda ya san ƙusoshinta kamar ni. Na ce to.

Kar ki ce min ƙaddara ce, kowa ya faɗa min. Hannuna ne ya yaga takardar.

Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Dogo