Sori Ba Ta Zama Kan Tabarma

Gure

Yaya Tahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya haƙurinmu na Baba? Na fara yi maka ta'aziyya, tunda kai ka manta yadda ake yin ta.

Na ba Ibram mai motar shanu wannan takarda saboda na daina ɗaukar wayarka. Saƙon muryar da ka turo ranar da aka kai Baba makwanci, na kunna wa Inna shi a gaban mata masu gaisuwa. "Sori, Inna, sori." Shi ke nan fa! Inna ta dube ni ta ce, "Me ya ce?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

An zo daga Kelle da Bune. Har makahon nan na Gidigir, abokin Baba, an jawo shi da sanda. Kowa ya shiga zaure sai ya tarar da tabarmar babban ɗa ba kowa a kai. Inna ta hana a naɗe ta, wai kana hanya. Baffa Barmo ya ce ranar sadakar arba'in za a ɗora rawanin Baba a kan ɗan da ya zauna ya karɓi gaisuwa. Ka zo.

Ƙanwarka, Zaliha

Legas

Zuwa ga ƙanwata Zaliha,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Na ga fushinki, amma rashin sani ne. Sori kalmar Ingilishi ce mai faɗi. A otal ɗin da nake aiki, in ka taka mutum, sori. In shi ya yi tuntuɓe da kansa, sori. In ba ka ji abin da aka ce ba, sori. In an yi maka rasuwa, ita ce dai. Da na faɗa wa uban gidana rasuwar Baba, har kafaɗata ya dafa ya ce sori. Da na nemi izinin tafiya ya sake cewa sori, baƙi sun yi yawa. Kin ga ta farko jaje ce, ta biyun kuma a'a ce cikin ladabi.

Ranar nan bakina ne ya riga ni, ina kuka. Ki fassara wa Inna. Zan duba yiwuwar zuwa.

Wassalam, yayanki Tahiru

Gure

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Madalla da karatu, Malam! Na zaunar da Inna na fassara mata duka. Sai ta ce, "Ashe da abin da ake faɗa wa wanda aka taka wa ƙafa aka yi mini gaisuwar mijina."

Mu nan matalauta ne, amma ba mu yi talaucin baki ba. Mai tuntuɓe sannu ake ce masa. Wanda aka ɓata wa, a ce ya yi haƙuri. Mamaci kuwa Allah ya jiƙansa, kuma da ƙafa ake kawo ta, a tuɓe takalmi a durƙusa. Ku kuma kun samu ludayi ɗaya, da shi kuke shan fura, da shi kuke kwashe toka.

Uban gidanka ya ce a'a cikin ladabi, kai kuma ka karɓa cikin ladabi. To uban da ya haife ka fa? Sha'ibu ƙanenka ya bar gonarsa ciyawa na ci, kullum yana rakuɓe a bakin zaure, a ƙasa, ya ƙi hawa tabarmar don kunyarka. Inna kuwa kowace safiya sai ta kakkaɓe ta da hannunta. In mota ta tsaya a tasha sai ta aiki yara su duba. Ina jin haushinka, Yaya, har cikin raina.

Juma'a mai zuwa ce sadakar. Ibram zai juyo da mota ba kaya, ya ce a kujerar gaba ma zai ɗauko ka.

Zaliha

Legas

Ƙanwata Zaliha,

Bayan gaisuwa. Na sake neman izini, ba a dace ba. Ki roƙi Baffa ya ɗaga maganar rawanin zuwa bayan Babbar Salla. A bar mini tabarmar, ina tafe da yardar Allah. Ki ce wa Inna ta yi haƙuri. Kin ga na faɗa da Hausa.

Naki, Tahiru

Gure

Tahiru,

Salamu alaikum. An yi sadaka, an watse lafiya.

Da Ibram ya sauko shi kaɗai, Inna ta kama hannun Sha'ibu ta zaunar da shi a kan tabarmar. Baffa ya naɗa masa rawanin. Da yamma Inna ta naɗe tabarmar da kanta, ta ba makahon Gidigir ya tafi da ita.

Na karanta mata roƙonka. Ta ce in rubuta maka amsa da harshen da ka fi ji, kuma ka san wacce take nufi a cikin waɗanda ka lissafa.

Sori.

Allah ya sada mu da alheri.

Zaliha 'yar Malam Garbai