Ki Ajiye Mani Hauyata

Zuwa ga Inna, a Birchi.

Gaisuwa mai yawa. Yaya su Kande? Ina fata gero ya yi kyau.

Mu nan asibitin kutare sai godiya. Ana ba mu magani, gyambon ƙafata ya kame. Yatsu biyu dai sun tafi, shi ya sa Malam Bulus, mai yi mana wa'azi, yake rubuta mani. Kada ki yi kuka. Ran Lahadi da dungulminmu muke tafi muna waƙa, don Yesu ya yi mana alkawarin sabon jiki a Mulkinsa. Kafin ranar kam, akwai ciwo, ba na ɓoye maki.

Na ji Kawu yana son hauyata. Ki hana shi. Sauran yatsun za su riƙe ƙota.

Ɗanki, Ayuba Nomau.