Fuskarta a Bangon Kanti

Litinin, 3 ga Maris

Aji ya yi daɗi yau. Na nuna wa yarana yadda ake fitar da inuwa da bindigar feshi: ka matso, layi ya fito siriri kamar gashi, ka ja baya, fenti ya bazu kamar hayaƙi. Duk sun ɓata kwali, ban da Tsinke. Yarinyar nan yatsanta ba ya rawa. Na ce mata wata rana ni zan riƙe mata tsani. Ta ce, "Malam, da wannan gwiwar taka?"

Laraba, 5 ga Maris

Tsinke ta samu aikinta na farko, tallan lemo a bango. Na yi ta murna, sai da ta faɗi bangon. Na babban kantin nan ne, inda na fesa tallan sabulu tun muna sabon aure. Matar da ke dariya riƙe da sabulu, maman yara ce. Ita ta zauna mini, tana ta mitar wuyanta ya ƙage. Tun rasuwarta ta nan nake bi zuwa makaranta in gaishe ta, ko da yake zagaye ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban koyar da komai ba. Wanke alluran bindigar feshi na sa su.

Asabar, 8 ga Maris

Wani ya gaya wa Tsinke ko fuskar wa ce a bangon. Ta zo har gida ido jajir, wai za ta mayar da aikin. Mai kanti kuwa ya ce in ta ƙi, gobe wani zai zo da buroshi, kuma kada ta sake taka masa ƙofa. Na yi mata faɗa sosai. Na ce bango na mai bango ne. Da ta tafi na kasa cin abinci.

Talata, 11 ga Maris

Na je. Na ce injin iskar feshi zan duba mata, ƙarya ce.

Ta rufe sabulun da rubutun da fari tas, amma a kan fuskar sai ta ja baya, tana fesawa sama-sama. Maman yara na leƙowa kamar ta bayan labule. Na san abin da zai biyo baya: tsohon jan fenti zai huda sabon zane, aikin ya lalace, a ce hannun yarinyar ne.

Na ce, "Matso da hannunki."

"Malam, ba zan iya ba."

"Haka na koya miki? Matso, ƴata. Shafi uku, kowanne ya bushe."

Na riƙe tsanin. Idanun ne suka tafi a ƙarshe. Takunkumin da ke fuskata ya rufa mini asiri.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta gajeriyar hanya na bi. Na isa da wuri, na rasa abin yi.

Laraba, 19 ga Maris

Yau na bi ta kantin. Kwalbar lemon har raɓa take yi, kai ka ce a miƙa hannu a ɗauka. Amma inuwar ƙasanta ta yi nauyi ta hagu. Na tsaya ina auna ta da babban yatsa, ina tsara yadda zan gaya wa Tsinke ba tare da na karya mata gwiwa ba. Da wannan tunanin na iso har ƙofar aji.

Sai da na ajiye jaka na tuna ban gaishe da maman yara ba.