Rodin Barandar da Ta Faɗi

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Sufeton Gine-gine,
Sashen Duba Ingancin Ayyuka.

Daga:
Shugaban masu ɗaurin rodi a ginin sabon masaukin ɗalibai,
wanda aka fi sani da Baba Mai Rodi.

Litinin, 9 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

Game da: Rahoton da ya ɗora mini laifin faɗuwar baranda, da barandu uku da suka rage

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kokena kan rahoton 20 ga Agusta, wanda ya ce sakacina ne ya jawo faɗuwar barandar hawa na biyu, aka kuma dakatar da takardar izinin aikina. Shekara talatin da ɗaya ina lanƙwasa rodi, ko bakin taga bai taɓa faɗuwa a hannuna ba.

1. Ranka ya daɗe ya fi ni sani cewa barandar da ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, samanta ne ke miƙewa in nauyi ya danne ta, ƙasanta kuma ya matse. Kankare yana jure matsi, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa rodinta a sama. Duk wanda ya taɓa lilo da reshen bishiya ya san ta sama yake fara tsagewa. Haka zanen injiniya ya nuna, haka kuma na ɗaura a ranar 10 ga Yuni, na ɗora rodin a kan ƙananan ƙarafa da muke kira kujeru, don ya tsaya a inda ya kamata.

2. Ranar Laraba, 12 ga Yuni, da safe, ana shirin zuba kankare, mai kula da aikin ya ba da umarni a cire kujerun nan duka, wai suna hana baro wucewa. Na je da ladabi na yi masa bayani. Ya amsa mini a gaban yarana cewa rodi rodi ne, in dai yana cikin kankare ko ina ya kwanta ƙarfinsa ɗaya, kuma shi da takardar shaida ya zo, ba da furfura ba. Aka yi dariya. Aka cire kujerun, leburori suka bi ta kai da baro, suka tattake rodin har ya kwanta a ƙasa.

3. Tun kafin wannan, shi dai mutumin ya sa aka rage zobban da ke ɗaure bim, wato kankaren da ke riƙe da gindin barandar. Baranda tana murɗa bim ne kamar mai matse wanki, zobban nan su ke hana shi tsagewa. Na ɗaura su tazarar taƙi ɗaya, ya ce a mai da su taƙi biyu. Saboda waɗannan abubuwa biyu na ƙi sa hannu a takardar aikin 12 ga Yuni. Rahoton bai ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya.

4. Ranar Alhamis, 11 ga Yuli, aka ce a cire katakon tokara. Ƙanena, wanda kafinta ne, shi ke ƙarƙashi. Na roƙa a dakata, aka ce in koma wajen ƙarfena. Yana zare tokara ta ƙarshe barandar ta karye daga gindi, ta sama, daidai inda na faɗa. Yau ƙanena yana kwance a ɗakina, ƙafafunsa ba sa jin ko tsinken allura. Ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka. Mahaifiyarmu kuwa, tun da aka karanta mata rahoton nan ba ta ƙara kallon idona ba, kuma wannan ya fi mini dakatarwar ciwo.

5. Kwamitin bincike ya zauna sau biyu a ofishin mai kula da aikin, ya sha shayinsa, bai kira ni ba. Ya ga rodi a ƙasa, ya rubuta cewa mai ɗauri bai san aikinsa ba. Gaskiya ne rodin yana ƙasa. Wanda ya sauko da shi ne ba a tambaya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

6. Sauran barandu uku rana ɗaya aka zuba su da wadda ta faɗi, da umarni ɗaya. Na ga tsagewa a gindinsu, da wata a karkace a jikin bim. Makon jiya an shafe su da siminti, an bi da fenti. An kuma sanar cewa ɗalibai za su tare ranar 1 ga Oktoba, kuma kowa ya san a baranda ɗalibai ke taruwa.

Saboda haka ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai, a hana shiga ginin, a mai da tokara, a fasa gindin barandun nan a gaban idon Ranka ya daɗe, a duba takardar 12 ga Yuni da babu sa hannuna, sannan a janye rahoton. Idan kuwa har yanzu ana ganin ko ina rodi ya kwanta ƙarfinsa ɗaya, ina roƙon a ajiye wa mai kula da aikin kujera a ƙarƙashin ɗaya daga cikin barandun ranar da ɗalibai za su tare. Ƙanena ya riga ya yi nasa zaman.

Ina jiran umarninka cikin biyayya. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Baba Mai Rodi